Neman kalma: me za mu kira illar da magani ke yi wa hanta?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar da muke ta kai-komo a kanta tun makon jiya, muna neman mata suna da Hausa, ita ce hepatotoxicity, wadda ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a takardar cikin kwalin magani, wato magani ya yi wa hanta illa. Na karanta shawarwarinku, yau zan faɗi inda na tsaya.

Aikina ba da magani ne a nan Agege da ke Legas, kuma waɗanda suka fi ba ni tausayi a wannan batu su ne masu amosanin gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita. Ya fi kama mata. Za ka ga baiwar Allah ta tashi da asuba yatsun hannu biyu sun sandare, ko butar alwala ba ta iya riƙewa sai hantsi ya dubi ludayi. Irin wannan shekara da shekaru za ta yi tana shan magani, da yawansu kuma ta hanta suke bi. In ta je ganin likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, da Turanci ko Yarbanci ake mata bayani, ɗan rakiya ya juya mata. Kalmar da ɗan rakiyan nan ya zaɓa ita take komawa gida da ita.

A cikin kalmomin da kuka kawo, wadda ta fi samun magoya baya ita ce "gubar hanta". Na yarda ta bi ma'anar asali sau da ƙafa. Sai dai ku tsaya a bayan kanta irin tawa ku ce wa Hajiya, "Wannan methotrexate ɗin yana da gubar hanta." Wallahi ba za ta sha ba. Za ta karɓa ta yi godiya, ta je ta jefa shi ƙasan adaka. Alhali shi ne maganin da ke danne cutar kanta, ya hana yatsu karkacewa. Farasitamol da diclofenac zafi kawai suke ragewa, cutar na nan tana cin gaɓa a ƙarƙashi. Duk kalmar da za ta raba mara lafiya da maganin da ke ceton hannunta, ba na goyon bayanta ko da ƙamus ya ce daidai take.

"Ciwon hanta" kuma yana da mai shi. Bahaushe in ya ji haka, hepatitis B yake nufi, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Kuma muna bukatar su biyun, hepatitis da illar magani, a magana guda: kafin a ɗora mutum kan methotrexate ana gwada jininsa a ga ko yana ɗauke da hepatitis B ko C, domin hantar da ke fama da ƙwayar cuta ba ta jure magani kamar lafiyayya, kuma magungunan da ke danne garkuwar jiki suna iya tada ƙwayar da ta kwanta. In sunansu ɗaya, yaya za a yi wannan bayanin?

Wani dattijo mai harkar albasa a kasuwar Mile 12 ya ce ai tun kaka da kakanni "shawara" ake cewa. Baba, Allah ya ƙara girma, shawara alama ce, kuma a makare take zuwa. Kafin ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, jiki ya kama ƙaiƙayi, tuni gwajin jini ya nuna sinadaran hanta da ake kira ALT da AST sun hau, mutum kuwa yana yawonsa garau. Abin da ya fi damuna shi ne, da zarar an ce shawara sai hankali ya tafi ga jiƙe-jiƙe. Mu da ke Legas mun san agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa, ga shi nan a kowace tasha cikin robobi, wani ma a barasa ake jiƙa shi. Hantar da magani ya riga ya gajiyar, a ƙara mata sassaƙen da ba a san awonsa ba, ga giya a kai.

"Lalacewar hanta" ta yanke hukunci da wuri. Sau da yawa in likita ya rage magani ko ya dakatar da shi, hanta tana komawa daidai.

Wadda ta kwanta mini a rai wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo ta: taɓuwar hanta. Anti, Allah ya saka da alheri. Ba ƙirƙira muka yi ba, a bakin mutane take. Muna cewa "ƙodarsa ta taɓu", "hantarsa ta taɓu", kowa ya gane akwai matsala, kuma ba wanda zai ɗauka an gama. Tana lanƙwasuwa yadda ake so: magani mai taɓa hanta, maganin ya taɓa mata hanta, a yi gwaji a ga ko ta taɓu. Wani ɗan'uwa ya ce ta yi laushi, ba za ta tsoratar ba. Ina ganin wanda ya san nauyin "taɓin hankali" ba zai raina ta ba. In abin ya yi tsanani sai a ce mummunar taɓuwa.

Na gwada ta a bakin aiki, ga yadda take fita.

"Mama, farasitamol ba ya taɓa hanta in an bi ƙa'ida. Ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 a tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24." Wannan awon babba ne mai lafiyar hanta. Mai hepatitis, ko ramamme, ko mai shan giya, likita ne zai rage masa. Inda ake faɗawa rami shi ne maganin mura, domin da yawansu da farasitamol a ciki. Mutum ya sha na ciwon gwiwa, ya sha na mura, ya karɓi "haɗi" a leda wurin mai talla a cikin motar haya ta danfo, bai san abu ɗaya yake ta maimaitawa ba. Ƙwayar da aka ɓare daga kwalinta ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Wanda ya gane ya zarce ƙa'ida ya tafi asibiti nan take, kada ya jira alama. Akwai makari, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

"Yaya, methotrexate sau ɗaya ake sha a mako. Ki zaɓi rana, misali Juma'a, ki rubuta a jikin kwalin. Folic acid ɗin da aka haɗa miki kada ki raina shi, yana rage taɓuwar hanta." Wannan ina maimaita shi har sai mara lafiya ta faɗa mini da bakinta, saboda akwai masu ɗaukarsa maganin zafi su sha kullum in ciwo ya motsa, kuma hakan yana kisa. Gwajin jini da farko kusa-kusa ake yi, daga baya ya koma kamar duk wata 2 zuwa 3. Na san kuɗin gwaji da na mota a garin nan ba wasa ba ne, amma shi ne kaɗai ke ganin taɓuwar kafin ido ya gani. Leflunomide da sulfasalazine, waɗanda su ma danne wannan cutar suke yi, suna cikin masu taɓa hanta, haka diclofenac, wanda ga shi kuma yana cin ciki yana wahalar da ƙoda.

To, ni dai daga yau "taɓuwar hanta" da "magani mai taɓa hanta" zan riƙa rubutawa a takardar da nake ba mutane. Masu fassara a asibiti da masu shirin lafiya a rediyo, ku gwada ta ku faɗa mana yadda aka karɓe ta.

Saura guda da har yanzu nake lalube: sunan da zai raba magungunan da ke danne cutar da waɗanda ke rage zafi kawai. A yanzu "maganin tushe" nake cewa, amma wasu suna jin kamar saiwar itace nake nufi. Mai wadda ta fi ta ya kawo.