Muhawara a zauren unguwa: wai wariyar launin fata ba ciwonmu ba ce?

Tela, Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'a. Wa ya kalli kashin jiya na wasan nan da ake sawa a tele bayan isha'i? Ga wanda bai gani ba: likita ce baƙar fata a wani asibiti a Faransa. Ta shiga ɗakin mara lafiya da farar rigarta, abin awon ƙirji rataye a wuya, sai ɗan mara lafiyar ya miƙa mata faranti ya ce ta kwashe, ta kuma kira musu likita. A taron ma'aikata ta kawo shawara, kowa ya ci gaba da duba takardunsa. Can wani Bature ya maimaita maganar tata, aka ce madalla. Ta shiga mota ta kifa kai a sitiyari. Mai ɗakina ta yi ta hawaye. Ni dai ra'ayina, wannan ba ciwonmu ba ne. Nan Damagaram daga sarki har talaka fatarmu ɗaya. Abin da ke damunmu ruwan famfo ne da tsadar gero.

Direban Agadas: Wa alaikumus salam. Yaya, fatarmu ɗaya kam, amma ka wuce Agadas ka gani. Shekara uku na yi a Sabha, can ƙasar Libiya, ina aikin gini kafin in kama tuƙi. Akwai wani shagon burodi kusa da inda muke kwana. Kai ne na farko a layi, mai shagon zai sallami mutum biyar da suka zo bayanka, idonsa na bi ta kanka kamar kai ne ƙyauren shagon. In ya ga dama ya sallame ka, canji ba ya sa maka a hannu, a kan tebur yake watsa shi ka tsince. Yara su bi ka a titi suna “abid, abid”, wato bayi, ranar Juma'a kuma sahu ɗaya kuke da iyayensu. Da matar nan ta kifa kai, tashi na yi na bar fada, shayina ma ban shanye ba. Kun manta 2017, da CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, mutum dalar Amurka 400?

Tela, Sabon Gari: Allah ya sani ban raina wahalarka ba, ƙanena. Amma ai maganata ka tabbatar. Waje ka je.

Hajiya ƴar Matameye: Waje ne, to su wa ke zuwa wajen? Ba ƴaƴanmu ba? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. 52 yara ne, 33 mata, kuma mafi yawansu mutanen Kance ne, nan bayanmu. Waɗanda suka isa, in an kamo su sai a zube su a kan iyaka, su taka kilomita 15 cikin yashi kafin su kai Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyakar. Ɗiyar ƙanwata ta wannan hanyar ta dawo, da goyo a baya, tafin ƙafarta duk ya saɓule. Har yau in tana ba da labari, abin da take ta maimaitawa shi ne ba wanda ya tambaye ta sunanta. Ƙirga su aka yi aka loda, kamar buhunan hatsi.

Mai farmasi: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma Hajiya, ni rabina na wajen Tela. Kada mu zuba komai a tukunya ɗaya. Yunwa da ƙarancin gona suka fitar da matan Kance. Likitar wasan nan ga albashi, ga mota, ga gida. Kukan wadda ba a ji shawararta a taro ba daban, kukan wadda ɗanta ya mutu da ƙishi daban. In muka kira su da suna ɗaya, ba wanda za mu samo wa magani.

Ɗalibar jami'a: Baba, na yarda daban ne. To amma matalaucin Balarabe da ya shiga shagon nan na Sabha, an watsa masa canji a tebur? Sannan mu waiwayo gida. Sai a 2003 doka ta mai da bauta laifi a ƙasar nan. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita, kuma a 2008 kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Wannan ba Faransa ba ce. Yau in aka zo neman aure, ba a binciken asali? Ɗa ne ko bawa, maƙeri ne ko mahauci? Kuma wa ya koya mana cewa farar mace alkyabbar mata? A ɗakinmu mu huɗu ne, biyu na shafa man bilicin. Ɗaya fuskarta ta yi ja, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, rana ta taɓa ta sai raɗaɗi. Na ce mata ta bari, ta ce a gidan biki ita kaɗai mai hoto ke tsallakewa. Ban sami abin ce mata ba.

Tsohon malamin lakwal: Ƴata ta yi magana. In ƙara da ta da: garin nan shi ne babban birnin mulkin Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma aikin tilas sai 1946 aka soke shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce dattijo mai furfura kan sauko daga jaki ya cire hula in kwamanda zai wuce, shi kuwa ko kallonsa ba ya yi. A cikin Damagaram aka yi wannan.

Tela, Sabon Gari: Malam, wannan ya wuce, Bature ya tafi. Maganar asali kuma al'ada ce mara kyau, na yarda, amma ba launin fata ba ce.

Ɗan kabu-kabu: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Baba Tela, ni ɗan Kara-Kara ne, can aka haife ni. Kowa a nan ya san unguwar kutare ce tun asali, shi ya sa aka tura ta gefen gari. Kakata ta yi ciwon, ta warke tun ban zo duniya ba, amma yatsunta ba su dawo ba. Ina yaro nake raka ta kasuwa. Mai tumatir ba ya karɓar kuɗi daga hannunta, sai ya nuna mata ƙasa da baki ta ajiye, ya sa tsinke ya jawo. Da Yaya Direba ya faɗi zancen canji a tebur, wallahi ita na gani. Bara na nemi aikin gadi a wani gida. Mun shirya har albashi, mai gidan na ta yaba natsuwata, sai ya tambaye ni unguwa. Ina faɗi ya ce zai kira ni, har yau. Ko a kan babur, fasinja na jin inda na fito sai in ji ya gyara riƙon wayarsa, ya ɗauka duk ɗan unguwarmu ɗan daba ne. Akwai su, ba na musu. Akwai kuma mata masu fasa dutse tun asuba don su sai wa yara littafin lakwal, su ba a ganinsu. Mu goma sha muka kalli wasan jiya a fadarmu, ba wanda ya taɓa zuwa Faransa, kuma ba wanda ya nemi a fassara masa abin da ke damun likitar.

Mai farmasi: Innalillahi. Ɗana, ka gafarce mu. Kuma jama'a ku sani, kuturta na warkewa, maganinta kyauta ne, wanda ya kama shan magani ba ya sa wa kowa. Abin da aka yi wa kakarka ba shi da hujja ko a likitance.

Direban Agadas: To Yaya, wannan ma waje ne?

Tela, Sabon Gari: A'a, wannan gida ne. Har yanzu ina ganin sunansa ba wariyar launin fata ba, don fatar kakarsa da ta mai tumatir ɗaya ce. Amma cewa da na yi ba ciwonmu ba ne, na janye. Yaro, shekara biyu kana ɗauko min yadi daga kasuwar Dole, ban taɓa tambayarka inda kake kwana ba. Kakar taka na da rai?

Ɗan kabu-kabu: Tana nan, Baba. Bayan la'asar take zama a ƙofar gida. In za ka zo gaishe ta, gobe sai in ɗauke ka a babur. Za ta kawo maka ruwa a moɗa, ka karɓa ka sha.