Abin da na tsinta a hirarmu kan tait sifan

Jiya mun daɗe muna tattauna tait sifan (tight span), wato a ilimin lissafi, filin nan mafi matsewa da ke ɗauke ɗigogi ba tare da tazararsu ta canza ba, wanda masanin lissafi John Isbell ya fito da shi a 1964, wani masanin lissafin, Andreas Dress, ya sake gano shi a 1984. Shawarar da kowa ya yarda da ita, kar ka fara da ma'anar, ka fara da ɗigo uku. In tazararsu 3, 4 da 5 ce, za ka samu ƙafa uku, wato layi ɗaya daga kowane ɗigo, sun haɗu a tsakiya, tsawonsu 1, 2 da 3, don kowace ƙafa sai ka tara tazara biyun da suka taɓa ɗigon ka cire ta ukun ka raba biyu, ni dai wallahi a nan abin ya zauna mini.

Daga nan ka gwada ɗigo huɗu, yawanci rektangul ne ke fitowa da ƙafa a kowace kusurwa, in ya shafe ya koma layi to tazarar ta bishiya ce, wato za a iya auna ta a kan layuka masu rassa da ba su yi zobe ba. Wani ya ƙara da cewa daimenshon ɗin filin, wato yawan fuskokin awonsa (layi 1, shimfiɗa 2), baya wuce rabin adadin ɗigogin, shi yasa ɗigo shida na iya kaiwa 3, zanen hannu ya fara wuya.