Wane kayan gyara zan ɗauka a motar kwana?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Ingila, na sayi tsohuwar motar kwana, wadda ke da gado da kicin a ciki, ƙirar Fiat Ducato. Makon jiya da daddare a Wales famfon ruwa ya ɗauke, yara na jiran wanka, ni kuma ko filaya ba ni da ita. Raina ya ɓaci sosai. Za mu tafi Scotland hutun bazara, me ya kamata in ɗauka?

Malam Sani Makaniki:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan famfo, ina kyautata zaton fiyus ne ya ƙone. Motar kwana batir biyu take da su, ɗaya na inji, ɗaya na fitilu da famfo, duka volt 12. Sayi fakitin fiyus da ƙaramar mita ta gwada wuta. Sai sufanu, musamman lamba 10 da 13, sukundireba iri biyu, filaya, salatif na waya da tocilar goshi, don hannuwanka biyu su samu aiki.

Maman Yusuf:
Yaya, duba taya tukuna. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da DOT a gefenta su ne mako da shekarar da aka yi ta. Tamu ta fashe alhali zanenta bai cinye ba, tsufa ne kawai. Kuma jak ɗin ƙaramar mota ba zai ɗaga wannan ba.

Malam Sani Makaniki:
Gaskiya ne Hajiya. Amma kada a cika kaya, lasisin B na yanzu, wato lasisin tuƙin ƙaramar mota, kilo 3,500 ne iyakarsa, har da ruwan tanki da mutane.

Baban Khadija:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai ta sikeli.