Zan iya yin aure a Jojiya alhali waliyyina yana Katsina?

Mai tambaya (an sakaya suna):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Doha, shekarata huɗu ke nan. Wanda zan aura ɗan unguwarmu ne a Katsina, yana shekarar ƙarshe ta karatun likita a Tibilisi, babban birnin Jojiya. An kai gaisuwa tun bara, rana ce kawai ba a sa ba. Hutuna kwana 14 ne a watan Oktoba, shi kuma makaranta ba za ta bar shi ya je gida ba sai bayan jarrabawa. Ga lissafin biki da Umma ta turo min: kamu, dina, walima, anko kala uku. Da na gama haɗawa sai da na kife wayar.

Shi ne ya ce in zo can mu yi abinmu. Wai baƙi na yin rajistar aure cikin kwana ɗaya ko biyu, fasfo da shaidu biyu kawai. Akwai wani ƙaramin gari a kan tudu, Signagi, da ya yi suna wajen ɗaura wa baƙi aure, daga nan sai mu zaga tsofaffin garuruwa. Ba zan ɓoye muku ba, hotunan sun tafi da ni. To amma tsarin da mai shirya tafiyar ta turo, rabinsa gonakin inabi ne da ɗanɗanon giya. Kuma mahaifina ya rasu, Baffa ne waliyyina, ko fasfo ba shi da shi.

Auren ya ɗauru idan muka yi haka? Takardar za ta yi min amfani wajen ɗauko shi zuwa Doha? Kuma Musulmi zai iya yawo a yankin nan bai shiga abin da ba shi ke nan ba?

Wani malamin Islamiyya:

Wa alaikumussalam. 'Yata, abin da za a yi a wancan ofishin rajista ce, ba ɗaurin aure ba. A Malikiyya sai da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adilai, da siga. Ma'aikacin gwamnatin Jojiya ba waliyyinki ba ne, kuma Baffanki yana raye, waya na samunsa.

Amma kin ɗaura wa kanki dutse a inda babu nauyi. Yaushe amarya ta taɓa zuwa wurin ɗaurin aurenta a ƙasar Hausa? Angon ma ba dole ba ne. Ya wakilta wansa ko kawunsa, Baffa ya bayar, a ambaci sadaki, a raba goro da alewa bayan Juma'a. Minti goma an shafa fatiha. Sai ki hau jirgi kina matarsa. Kada ki juya tsarin, ki je ku yi ta zaga gari ku kaɗai sannan a ɗaura.

Hajiya Babba:

Ni dai Ummarki nake ji. Mace ta yi shekara ashirin tana zuwa bikin 'ya'yan mutane, tana kai gudummawa, tana ɗinka anko, ranar da za a rama mata sai a ce 'yar ta yi aure a wata ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta ba? Kuma kin san bakin mutane, cewa za a yi me aka ɓoye. Ki rage, kada ki soke. A ɗaura a gida, a yi mata yini guda ko ba kya nan, ta tara ƙawayenta. Dina ba farilla ba ce.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna:

Hajiya a yi haƙuri, wanda ke biyan kuɗin shi ya san zafinsa. Ni bashin bikina sai da na yaye ɗan fari ban gama biya ba. Yar'uwa ki yi tafiyarki, bayan an ɗaura dai kamar yadda Malam ya ce.

Tsohon ɗalibi a Tibilisi:

Na yi shekara shida a garin, bari in ɗan tsawaita.

Maganar rajista gaskiya ce. Ana fassara fasfo zuwa harshensu, notari, wato jami'in da ke tabbatar da takardu, ya buga hatimi, ku zo da shaidu biyu da fasfonsu. Ba a tambayar ko kuna zaune a ƙasar. Shi ya sa baƙi mazauna ƙasashen Larabawa ke tururuwa can.

Signagi tana cikin yankin Kaheti, kusan awa biyu a mota gabas da Tibilisi. Gari ne ɗan mitsitsi, an kewaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Erekle na Biyu a ƙarni na 18. Bakatsiniya ba za ta yi mamakin ganuwa ba, sai dai wannan ta dutse ce, ana hawa kanta, a hango kwarin Alazani shimfiɗe da tsaunukan Kokesas a bayansa. Yini ɗaya ya ishe ku, kwana biyu za ki fara hamma.

Batun giya kuwa, ki san inda za ki. Mutanen nan giyar inabi ba abin sha ba ne kawai a wurinsu, asali ne. Masu tonon tarihi sun samo alamarta a ƙasar tun kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Suna yin ta cikin wasu manyan randunan ƙasa da suke binnewa har wuya, ana ce musu kwebri, UNESCO ma ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya a 2013. Kuma Satumba zuwa Oktoba ne kakar tsinkar inabi, daidai lokacin da za ki zo. Duk gidan da kuka sauka za a miƙo kofi, don a wurinsu karramawa ce. Ku dafa ƙirji ku ce ku Musulmi ne, ba sa jin haushi, sun saba da maƙwabta Musulmi. Abin da zan ce ku kauce masa shi ne walimarsu ta gargajiya, supra, wadda wani ke jagoranta yana ɗaga kofi ana sha bi da bi har dare. Can ba wurin zamanku ba ne. Ki ce wa mai shirya tafiyar ta cire ɗanɗanon giya kaf, ta rage kuɗin, ko ku ɗauki direba da kanku.

Abin da ya fi giya kama mutane ma shi ne nama. Tsiren Kaheti galibi na alade ne, kuma dambun nan nasu da ake naɗewa cikin ƙullin fulawa, kinkali, sau da yawa ana haɗa naman sa da na alade. Ki tsaya kan kachapuri, wato burodi da cuku, da wake da ake dafawa a tukunyar ƙasa, da kifi. Akwai churchkela, ƙwayar wani ɗan itace ce mai kama da gyaɗa ake jerawa a zare a tsoma cikin ruwan inabi mai kauri a shanya, babu maye a ciki, kuma tsaraba ce mai kyau. A Tibilisi kuwa titin Agmashenebeli cike yake da gidajen abincin Turkawa da Larabawa.

In ni ne, kwanakin a Tibilisi zan fi zuba su. A tsohon gari, ƙarƙashin ganuwar Narikala, akwai masallacin Juma'a na jan bulo inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a ke salla a rufi ɗaya, ƙasa da shi kaɗan ga gidajen wankan ruwan zafi mai warin farar wuta, ana kama ɗaki na mutum biyu. Mitsketa, tsohuwar hedikwatarsu, rabin awa ce, amma coci-coci ne na ƙarni na 6 da na 11, in kallon gini kike so to. A cikin Kahetin ma akwai kwarin Pankisi, mutanensa Musulmi ne 'yan asalin Checheniya, suna karɓar baƙi a gidajensu.

Barista:

Ƙanwata, kowa ya yi maganar tafiya, ni takardar ce ta dame ni. Auren rajista na Jojiya aure ne na mace ɗaya, kuma a Najeriya kallon auren kotu za a yi masa, ba na Musulunci ba. Allah ya kiyaye, in an zo rabuwa, saki da baki ko a rubuce bai warware shi ba, sai an je gaban hukuma. Haka nan a dokar Jojiya dukiyar da aka samu cikin aure ta mutum biyu ce, sai in an rubuta wata yarjejeniya. Ke ce mai albashi yanzu, ki yi tunani. Yana iya jawo rikici a gado ma.

Idan an ɗaura a Katsina, ki karɓi takardar shaidar aure a gida, a kai ma'aikatar harkokin waje a Abuja a tantance, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ki yi amfani da ita. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan amincewa da takardun wata ƙasa, don haka hatimin wannan yarjejeniya, wato apostil, da masu shirya aure ke tallatawa bai wadatar a gida ba. Ki fara tambayar wurin aikinki wace takarda suke karɓa kafin ki biya kowa ko sisi.

Wani ɗan'uwa daga Sharja:

Ki duba iƙamarki, wato izinin zamanki. Masu iƙamar ƙasashen Gulf suna shiga Jojiya ba biza, amma a 2025 an tsananta wa wasu ƙasashe har da Najeriya: sai iƙamar tana da sauran shekara guda ranar da kika sauka. Ki riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a hannu.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Na kira Baffa da daddare. Dariya ya yi, ya ce shi ma ba ya wurin aka ɗaura nasa, yana Ikko yana aiki. Ya sa Juma'ar farko ta Oktoba. Barista, na fasa rajistar, shi ma angon da na karanta masa maganar dukiya da saki sai ya yi shiru ya ce a bar ta. Umma ce dai har yanzu: ta yarda a cire dina, ta ce kamu kam ko da hotona za a yi. Iƙamata saura wata 14, ta tsallake da ƙyar.

Ɗan'uwa na Tibilisi, sanyin Oktoba fa? Rigar sanyi ɗaya gare ni, ita ma ta cikin asibiti ce.