Daga ina Mariama Bâ ta samo labarin aminai biyu marasa miji?

Marubuciyar Gobe:
Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta ƙagaggen labari a kan wasu aminai mata da ba su da aure, sai aka ba ni shawarar in fara karanta littafin Mariama Bâ ta ƙasar Senegal, wanda aka fassara zuwa Turanci da sunan So Long a Letter. Na karanta shi, kuma tambayata ga masana ita ce: shin rayuwarta ta kwashe ta zuba a takarda, ko daga wani wuri ta samo matan nan biyu?

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam, malama. Rayuwarta tana ciki, babu shakka. An haife ta a Dakar a 1929, ta yi makarantar horar da malamai mata ta Rufisque, ta koyar shekaru da dama, kamar dai Ramatoulaye mai ba da labarin a wasiƙar da take rubuta wa aminiyarta Aissatou. Aurenta da ɗan siyasa Obèye Diop ya mutu, ita ce kuma ta ci gaba da ɗawainiyar 'ya'yanta tara. Haka nan ta daɗe cikin ƙungiyoyin mata, inda ake jin kukan waɗanda miji ya yi wa kishiya ya juya musu baya. Ba ta fitar da littafin ba sai a 1979, tana da shekara 50, ya ci kyautar Noma ta littattafan da aka wallafa a Afirka a 1980, ita kuma ta rasu a 1981.

Uwar Ɗaki:
Malam, da izininka zan ɗan saɓa maka, domin masu karatu suna yawan ɗauka cewa Ramatoulaye ita ce marubuciyar, alhali kuwa Ramatoulaye ta ƙi barin gidan mijinta Modou ko bayan ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, har mutuwa ta raba su. Wadda ta tattara 'ya'yanta ta fita bayan an yi mata kishiya ita ce Aissatou, wadda ta yi karatu ta samu aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu a Amurka, har ta saya wa aminiyarta mota. A ganina Mariama ta raba abin da ta sani gida biyu, ta ba ɗaya haƙuri ta ba ɗaya zuciya, sannan ta hana su zargin juna.

Amma babban abin da ta gano shi ne takaba. Mace mai 'ya'ya goma sha biyu da aikin koyarwa ba ta da lokacin zama ta yi bitar shekara 30 na aure, sai wata huɗu da kwana goma suka zaunar da ita a ɗaki, kuma babu wadda za ta buɗe wa cikinta sai aminiyar ƙuruciya da ke nesa. Daga nan wasiƙar ta samu dalili, kuma a cikin zaman ne masu neman aurenta suka fito, ta sallami Tamsir, yayan mijinta, ta kuma ƙi Daouda Dieng duk da mutuncinsa.

Marubuciyar Gobe:
Na gode, Hajiya, na gode Malam. Ke nan aminaina suna bukatar dalilin da zai sa su yi magana. Nawa ba zawarawa ba ne, 'yan mata ne ma'aikata da suka haura shekara 30, don haka ina tunanin haɗa su a makon bikin ƙanwar ɗayarsu, lokacin da 'yan'uwa ba sa gajiya da tambayar yaushe ne nasu.