Jirgina na gurnani ta baya idan na karya kwana

Mai_Tsere:
Assalamu alaikum masana. Jirgin ruwana irin mai inji a ciki ƙafa (ɓangaren da ke ɗauke da giya da farfela) a waje ne, MerCruiser Alpha One, to kwanan nan ya tsiro da wani gurnani ta baya kamar ana niƙa, in ina tafiya miƙe da sauƙi amma da na murɗa sitiyari har ƙarshe ko na ɗan ɗaga ƙafar sai ƙarar ta ƙaru. Farfela na duba lafiyarta ƙalau. Giya ce ta tafi ko me? Gaskiya gabana faɗuwa yake.

Bakanike77:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka oga, da wuya giya ce. Ƙarar da ke canjawa da sitiyari yawanci boris ɗin gimbal ne, wanda shaf ke bi ta cikinsa daga inji zuwa ƙafa. In gurnani ne boris, in kuwa ƙwas ƙwas kake ji to kuros ne, wato mahaɗin da ke ba shaf ɗin damar lanƙwasawa. Amma ni abin da ya kashe shi na fi damuwa da shi, akwai wata roba mai kama da zugazugi da ta rufe wajen, da ta tsage ruwa ya shiga shi ke nan tsatsa ta cinye boris da kuros gaba ɗaya, kuma robar nan in ta yage sosai jirgi na iya shan ruwa yana ɗaure ya nutse. Sai ka cire ƙafar, noti 6 ne, ka sa giyar gaba kafin ka zare, sannan ka juya boris ɗin da yatsa, in ka ji gargada ya gama aiki.

Kwalekwale:
Kafin ka kwance komai tsiyayi man giya kaɗan ta kusar ƙasa. In ya koma kamar madara ruwa ya shiga, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe manya manya a maganaɗisun da ke jikin kusar to maganar giya ta dawo. Ni zaren kamun kifi ne ya taɓa naɗe min bayan farfela ya yanke sil, wato robar da ke hana ruwa shiga man giya, ban ankara ba sai da mai ya lalace.

Mai_Tsere:
Na tsiyaya yanzu, mai tas yake Alhamdulillahi. Zan iya tada shi a tudu in ƙara saurara?

Bakanike77:
Kar ka kuskura ba ruwa! Famfon ruwan Alpha One a cikin ƙafa yake, robarsa ƙonewa take nan take, sai ka jona masa tiyo. Kuma ƙafar ta zauna ƙasa ba a ɗage ba. In ka sa sabon boris a gwada saitin inji da sandar saiti, ta shiga ta fita da hannu ba sai da guduma ba, yawancin masu gyaran ganin ido nan suke tsallakewa sai haƙoran kofula, wato abin da ke haɗa inji da shaf, su cinye bayan ɗan lokaci. Robar nan mai kama da zugazugi ma canja ta tunda ka riga ka buɗe.