Wa Ya San Gobe? Gardama Kan Cooper Flagg da Lamba Ɗaya a Zaɓen NBA na 2025

(An yi wannan gardama ne a 2025, bayan zaɓen da ƙungiyoyin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ke yi duk shekara suna ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi, kafin a fara kakar wasa.)

Ɗan Fagge: Jama'a ku rubuta ku ajiye. Cooper Flagg da Dallas ta ɗauka a lamba ɗaya, shi zai zama gwarzon sabbin 'yan wasa a kakar bana, kuma nan da shekara biyar yana cikin manya goma na NBA. Yaro ɗan shekara 18, kaka ɗaya tak ya buga a jami'ar Duke ya kwashe manyan kyaututtukan gwarzon shekara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Koci Sabon Gari: Sannu malamin duba. Haka aka yi ta rantsuwa a kan Greg Oden a 2007. Portland ta ɗauke shi a lamba ɗaya, ta bar wa Seattle Kevin Durant. Ko wasa ɗaya bai buga ba a kakar farko, tiyatar gwiwa ta kwantar da shi. Kuma Portland ɗin ba ranar ta fara ba, a 1984 ta ɗauki Sam Bowie a lamba biyu, Chicago ta tsinci Michael Jordan a ta uku.

Ɗan Fagge: Haba Koci, ai rauni ƙaddara ce. Wa ke ganin cikin gwiwar mutum?

Maman Ilham: To ƙanena, Darko Milicic fa? Shi ma gwiwar ce? Detroit ta ɗauke shi a lamba biyu a 2003, ga Carmelo Anthony, ga Chris Bosh, ga Dwyane Wade duk suna zaune suna jira. Lafiyarsa lau, benci ya yi ta ɗumamawa. Ni tun da Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett a lamba ɗaya a 2013, aka bar Giannis har lamba 15, na daina sauraron masu hasashe. Canki-canka ce kawai.

Abba Lissafi: Hajiya a yi haƙuri, nan kam kin wuce gona da iri. Shi kuma Ɗan Fagge ya haɗa magana biyu a baki ɗaya, kuma ba hanyarsu ɗaya ba.

Kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ta fi sauƙin hasashe, domin yawanci mintuna ne ke ba da ita. Wanda ya faɗa ƙungiyar da ba ta da kowa, aka danƙa masa ƙwallo aka ce yi yadda kake so, dole makinsa ya yi yawa. A 2014 Michael Carter-Williams ne ya ci kyautar, a Philadelphia da ta sha kashi sau 63 cikin wasa 82. Giannis, sa'ansa a zaɓe, ko maki bakwai ba ya kaiwa a wasa a waccan kakar. Yau ina wannan, ina wancan? Shi ma Darko da kika kawo, ƙungiyar da ke neman kofi ya faɗa, ta kuma ci a 2004. Kocinta Larry Brown ba shi da lokacin renon yaro.

Maganar shekara biyar kuwa, wannan sai Allah.

Ɗan Fagge: Yawwa, ka kawo ni gida. A Dallas ɗin, Kyrie Irving yana jinyar gwiwa tun Maris 2025, Luka Doncic an sallama shi Lakers tun Fabrairu 2025. Wa zai riƙe ƙwallo in ba Flagg ba?

Abba Lissafi: Anthony Davis yana nan ai, kuma ba ado ya je yi ba.

Baban Khalifa: Ni abin da ke ba ni haushi da ku, sai ku yi ta lissafa waɗanda suka faɗi kamar su ne jama'a. Ku lissafa sauran mana. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, lamba ɗaya a 1984, kofi biyu ya kai wa Houston. Shaquille O'Neal a 1992, Tim Duncan a 1997, LeBron James a 2003. Wembanyama a 2023, ba wanda ya yi jayayya kafin zaɓen, ya zo ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Ana tuna Bennett ne don irinsa ba su da yawa.

Maman Ilham: Alhaji, Jokic fa? Lamba 41, ana cikin tallar abinci a talabijin aka sanar da sunansa. Sau uku yana zama gwarzon NBA.

Baban Khalifa: Wannan tsintuwa ce Hajiya, ba na musu. Denver ɗin ma ba ta san abin da ta tsinta ba, a daren sai da ta fara mallakar Jusuf Nurkic da Gary Harris kafin ta waiwaye shi. Amma Jokic nawa kika taɓa gani a zagaye na biyu?

Bazazzagi: Akwai masu ido dai. Namu Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, a zamanin shugabancinsa na ƙungiyar Toronto ta ɗauko Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba 27 a 2016, bayan shekara uku suka ɗaga kofi tare.

Koci Sabon Gari: Mutumin Zariya, ka manta Bruno Caboclo da ya ɗauka a lamba 20 a 2014? Mai ido ma yakan yi tuntuɓe.

Bari in faɗa muku abin da na gani a ɗan filinmu. Akwai wani dogon yaro, kowa ya zo kallo shi yake nunawa, ni ma na ɗauka na samu. Amma da zarar na cire shi daga wasa sai ya koma gefe ya juya mana baya yana latsa waya. Akwai wani gajere kuma da ke zuwa da takalmin aro, bayan an tashi sai ya tsaya yana jifa shi kaɗai har a kira magariba. Shi ne yau yake buga wa jiha. Tsawo da tsalle ana aunawa da awo, wancan halin kuwa sai ka zauna da yaro. Shi ya sa bidiyon minti uku na YouTube ba ya gaya mini komai.

Ɗan Fagge: Koci duk na ji, amma ina nan kan bakana. Na janye ta shekara biyar, ta bana kam ba gudu ba ja da baya. In bai ci ba, tsire da shayin kowa a wuyana.

Maman Ilham: Na ɗauki hoton wannan saƙon, kada watan Mayu ya zo ka ce an sace maka waya. Nawa da yaji da yawa.

Abba Lissafi: Ku ƙirga da ni. Amma wa ke da inda ake kallon wasannin bazara na Las Vegas? Sai tsakar dare ake bugawa a agogonmu, ga wutar unguwarmu ba ta kaiwa sha biyu.